Baba Ba-Takalmi da Kujerar Roba

A layin makanikai babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Ba-Takalmi ake ce masa, saboda duk motar da zai gwada sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye a bakin gareji, kamar mai shiga ɗakin surukai. Aikinsa guda ne tun yana da baƙin gashi: akori-kura mai rawa. Idan sitiyari na karkarwa a hannun direba, ko birki na harbin tafin ƙafa, wurinsa ake kawowa. Ba ya fara da buɗe inji ko leƙa ƙasa. Shiga yake yi, ya riƙe sitiyari sako-sako, ya ɗora ƙafa tsirara a kan totur, ya hau titi.

Kafin ya zagayo ya gama sanin ciwon. In rawar na ƙaruwa da gudu kuma a hannu take, taya ce ko wilin da ya lanƙwashe. In sai an taka birki take zuwa, faifan birki ne ya karkace. Wata kuma tana nan ko mota na tsaye, wannan robar da inji ke zaune a kai ce ta mutu. Yana dawowa zai faɗa wa ƙanensa, wanda kowa ke kira Ƙarami duk da furfurarsa, shi kuma ya ɗauki sufana. Haka suka raba aikin, haka suka ciyar da gida biyu. Baba dai ba shi da daɗin baki, wannan kam a faɗi gaskiya. Direba ya kawo masa mota da taya kumburarriya, sai ya tambaye shi ko da ido yake tuƙi ko da ƙeya.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa.

Da farko shayi ne ke zuba masa a riga, ya ce kofin ne ba shi da mariƙi mai kyau. Daga baya maɓallin riga ya gagare shi. A asibiti aka ba shi ƙwayoyi, aka ce abin ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Ya dawo gareji ya yi kunnen uwar shegu da zancen, wanda ya kalli hannun kuma ya sha harara.

Ranar da asiri ya tonu, wani mai ɗaukar katako ne ya kawo motarsa a duba masa ita kafin doguwar tafiya. Baba ya zagaya ya dawo ya ce sitiyari na rawa, a sauke tayoyin gaba. Aka sauke, aka duba, lafiyarsu ƙalau. Aka mayar, ya sake fita, ya ce har yanzu. Ƙarami ya karɓi makulli ya fita da kansa. Da ya dawo sai ya tsaya yana kallon hannun yayansa, wanda ke kaɗawa a gefen cinya shi kaɗai. Motar ba ta da ciwon komai. Baba ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari ya tarar da sabuwar kujerar roba, fara tas, a inuwar bakin ƙofa.

"Yaya, ka huta haka nan," in ji Ƙarami, murya ƙasa-ƙasa. "Ka zauna nan kana ganin masu shigowa. Makulli kuma ka bar min."

"Ni za ka saya wa kujera? Ni na koya maka riƙon sufana, kai!"

"Na sani, Yaya. Amma jiya ka gani."

Ya gani ɗin, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Kujerar dai bai zauna ba. Ya wuce ta kamar bai san da ita ba, ya nufi bayan gareji inda wata matacciyar akori-kura ke zaune a kan bulo, ba taya ba inji, kaji na kwana a bayanta. Ya tuɓe takalmi ya shiga ya kama sitiyari. Kullum haka, tun safe har rana ta take. Makanikan layi suna leƙowa suna cewa Baba ya kama hanyar da ba ta da kwana, a yi masa addu'ar sauka lafiya. Ya ƙyale su. A cikin motar da ba ta motsi, duk rawar da ya ji tasa ce, kuma ita ya zauna koya: yadda take farawa daga babban yatsa, irin saurinta, yadda take lafawa in ya matse hannu ta dawo in ya saki.

Ana nan sai ga Mai Ƙwai, wata mata mai raba ƙwai a shaguna da tsohuwar akori-kurarta, matar da bakinta ya fi na Baba kaifi. Ƙarami ya riga ya daidaita mata tayoyi, ya sake daidaitawa, rawar na nan.

"Ƙwaina ke fashewa a hanya," ta ce. "Kullum sai na wanke bayan mota kamar mai sabon jariri. Ina Baba?"

"Baba ba ya gwaji yanzu."

"Wa ya ce?" Muryar daga bayan gareji ta fito. Ya taho ƙafa ba takalmi, ya miƙa hannun nan mai rawa, bai ɓoye shi a aljihu ba. "Ba ni makulli."

Ƙarami ya dubi Mai Ƙwai ko za ta taimake shi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce motar tata ce, kuma mai rawa ai shi ya fi sanin rawa. Dole Ƙarami ya miƙa makulli, amma ya zagaya ya shige gefen mai zaman banza, ya ɗora hannu kusa da birkin hannu. Baba ya ga hannun, ya yi tsaki, ya tayar da mota.

Suka hau titi. Sitiyari na kaɗawa a hannunsa, Ƙarami na kallo.

"Daina zare ido, wannan tawa ce," in ji Baba. "Tawa ba ruwanta da gudu. Ko muna tsaye ko muna tashi sama, takunta ɗaya."

Ya ƙara wuta. Can sai wani kaɗawa ya taso daga ƙasan mota, ya bi totur ya shiga tafin ƙafarsa. Ya ɗaga ƙafa, abin ya ɗauke. Ya sake takawa, ya dawo. Ya taka birki a hankali, shiru, ba harbi.

"Ka ji ta? Wannan ita ce tata. Ba ta hannu ba ce, ta ƙafa ce, kuma sai an ba ta wuta take zuwa. Ka bar tayoyin baiwar Allah su huta. Gaɓar farfela ce ta ci."

Da suka dawo Ƙarami ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya kama dogon ƙarfen nan mai kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ya girgiza. Ƙwas-ƙwas, gaɓar na wasa kamar haƙorin tsoho. Ya daɗe a kwance a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce ƙasa ce ta faɗa masa.

"Yaya," ya ce, yana goge hannu da tsumma, "to in ƙafar ma ta fara fa?"

"Sai in koyi tata. Kwance farfelar, kana ɓata wa mata lokaci."

Aka kwance ta, baƙa wuluk da man giris. Ƙarami na neman inda zai ajiye, Baba ya jawo farar kujerar nan da ƙafa ya ce a ɗora a kai. Mai Ƙwai ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ƙafar ta riga ta fara. Kwanan baya yana zaune a bakin gado ya ga babban yatsan ƙafarsa ta dama, ta totur da birki, yana motsi shi kaɗai. Tsoro ya kama shi sosai a ranar, kuma har yanzu bai sake shi ba.

Da safe Ƙarami ya zo buɗe gareji ya tarar da takalman yayansa a bakin ƙofa. Baba na can baya cikin matacciyar motar, ya kori kaji, ya ɗora ƙafar dama a kan totur, ya rufe ido yana saurare.