Ƙuri'ata ba ta neman wakili

"Malama, ai kin riga kin yi zaɓe," in ji Sabo, sakataren ƙungiyarmu ta malamai masu ritaya, da na je karɓar takardar ƙuri'a jiya.

Bana an ce kowa ya zaɓi shugaba ko ta imel ko ta gidan waya. Ni takarda nake so, domin in ga abin da hannuna ya rubuta.

Ashe imel ɗin da Sabo ya buɗe mana lokacin tantance 'yan fansho, lambobin sirrin duk suna wajensa. Da ya ga sabis na wahala, wasiƙa kuma takan daɗe kafin ta ratsa dajin nan ta isa Kaduna, sai ya ce bari ya hutar da tsofaffi. Ni da 'yan uwanmu na Randagi da Kuyello, ya kaɗa mana ƙuri'a gaba ɗaya.

Na ce, "To, wa na zaɓa?"

"Malam Iliya mana. Shi kowa ke so."

"Sabo, ni na koya maka riƙon fensir a aji ɗaya. Na taɓa kama hannunka ranar jarrabawa?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo takardar.

Na cike ta, na haɗa da wasiƙar ƙorafi, na liƙe ambulan. Gobe zan shiga motar Kaduna, duk da halin hanyar, in miƙa da hannuna.

Abin haushin, Malam Iliyan nake nufin zaɓa tun farko, shi kuma na zaɓa.

Jama'a, ku faɗa mini: don an dace da abin da ke ranka, shi ke nan sai a yi magana da bakinka?