Mutum Tara na Yusha'u

In ka taɓa ganin motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa a Wheaton, nan Amurka, direbanta na ɗaga wa kowa hannu kamar mai neman ƙuri'a, to Yusha'u ka gani. Ɗan Funtuwa ne, unguwarmu ɗaya, shi ya sa yake ce min Yaya Hasiya. Yaran da yake ɗauka sun koyi "sannu da zuwa" a bakinsa. Mutumin kirki ne, amma taurin kai, sai dai a yi shiru.

Ya je gida ya auri Juwairiyya, ya dawo ya bar ta wurin mahaifiyarsa, Inna, da niyyar ya nema mata biza. Dokar nan kuwa ta ce sai abin da kake samu a shekara ya kai wani mataki, kuma matakin yana hawa da yawan mutanen da ke wuyanka. Yusha'u ya zauna shi kaɗai ya ƙirga: shi, amarya, Inna, ƙannensa huɗu, da marayun wansa biyu. Mutum tara. Ya duba abin da ake nema a wurin mai mutum tara, ya ga albashinsa ko kusa bai kai ba.

Bai gaya wa kowa ba. Sai kawai ya ƙara aiki. Asabar da Lahadi yana sauke buhunan shinkafa a wani shagon 'yan Afirka, hutun makaranta kuma yana kai wa mutane saƙo da motarsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Yaro ya rame, wandonsa sai da bel.

Rannan a wurin suna a Annandale na ga yana gyangyaɗi da cokali a hannu. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kai, wai yaushe amaryar nan za ta zo ne? Ko sai ta yi furfura?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Yaya. Mutum tara ba wasa ba ne."

"Tara? Mata nawa ka aura?"

Da ya yi min bayani, na rasa dariya zan yi ko kuka. Litinin na tasa shi a gaba har ofishin Madam Olive, lauyar da ta yi wa mijina takardun zama. Ta duba takardun harajinsa, ta tambaye shi ko mutanen nan suna zaune da shi a Amurka. Ya ce a'a, amma shi ke ciyar da su. Ta ce hukuma ba ta ƙirga su, shi da matarsa ne kawai, mutum biyu. Albashin tuƙin nan kaɗai ya isa tun ranar farko.

Na zaci zai yi tsalle. Ina! Sai ya ture biro.

Ya ce, "Yaya, in rubuta biyu? In sa hannu cewa Inna ba ta wuyana? Wallahi ba zan iya ba."

Na ce, "Kira ta yanzu, a gabana."

Ya kira, ya cire hula kamar tana ganinsa. Sai da suka gama gaisuwa tsaf, har ya tambayi awaki, lauya na kallon agogo, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Inna ta yi salati. Ta ce, "Ashe ni ce na tsare yarinyar mutane? Yusha'u, wa ya aike ka? Yarinyar nan tana min dariya da rana, amma ina jin kukanta a bayan ɗaki. Goge ni, ɗan nan. Goge mu duka, ka zo ka ɗauki matarka."

Ya rubuta biyu yana hawaye, ni ma na share nawa, Madam Olive da ba ta ji ko kalma ɗaya ba ta miƙo mana tishu.

Juwairiyya ta sauka a filin jirgin Dulles cikin sanyi, da ƙatuwar rigar da ta fi ƙarfinta. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta dubi mijinta sama da ƙasa.

Ta ce, "Yaya, dama haka ya rame? Don Allah mu je gida in ɗora tukunya."