Rumbun da Ke Ɗauke da Sunan Kabiru

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru, amma har yau sunansa bai huta ba. Kwamfutocin shagunan buga takardu na Zangon Lome kullum sai sun leƙa «rumbun-kabiru» sun ɗauko abin aiki.

Rumbun nan ma'ajiyar manhajoji ce a intanet, mu biyu muka haɗa ta. Abin da ke ciki ba na sata ba ne, ba kuma na kyauta ba: haruffan ajami da ba a san mai su ba, da manhajojin tsofaffin injina waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da rufewa. Ko doka ta yarda a raba su, babu wanda ya iya gaya mana.

A kan suna muka yi rigima. Ni na ce a sa «libre», wato na kyauta, Faransanci ya rufa mana asiri. Kabiru ya ce ƙarya ce. Muka kai wa Baba, wanda shi ne limamin unguwarmu, ya saurara, ya ce abin shubuha ne, a kira shi haka. Na kafe cewa babu mai shagon da zai taɓa abin da aka rubuta wa shubuha a goshi. Mako uku muna ja, sai Kabiru, sarkin gajen haƙuri, ya rubuta sunansa.

"Yaya, na wucin gadi ne," in ji shi. "In laifi ne, ni za a nema."

Bayan wata huɗu zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yanzu makullin yana hannuna, kuma na rasa mafita. In na sauya sunan, adireshin ya lalace, injinan mutane daga nan har unguwar Kodjoviakopé su tsaya. In na rufe, malaman Islamiyya su rasa abin buga darasi. Da yana nan, na san dariya zai yi mini, ya ce tsoro ya yi mini yawa. Gaskiyarsa, ina jin tsoro.

Inna ta san abin da mutum ya bari yana bin sa har kabari. Duk shekara sai ta tambaye ni: "Audu, abin nan lada yake kai masa ko zunubi?" Nakan ce lada. Ban sani ba, ita ma ta san ban sani ba.

Na rubuta a takardar bayanin rumbun cewa alhakin a wuyana yake, tunda taurin kaina ya jawo. Amma inji ba ya karanta bayani. Yau da safe ma da sunan Kabiru kwamfutocin suka yi sallama, ni kuma na buɗe musu.