Ɗakin da Ɗelu Ta Kama a Maraɗi

Ɗelu ta Madarunfa mai man gyaɗa ce. Sana'ar uwarta ce ta gada, ita kuma ta riƙe har ranar da hannuwanta suka kasa murza tunkuza. Duk wanda ya zauna garin tsakanin samun 'yancin kai da shekarun fari ya ci ƙuli-ƙulinta, ko ya san mai shi ko bai sani ba. Doguwar mace ce, mai tsabta, mai kaifin baki. Mijinta Ɗan Azumi yana noman gyaɗa da damina, da rani ya yi lambu a bakin tabki. Mutum ne mai sanyi. Abin da Ɗelu ta ce shi ake yi a gidan, shi kuwa in ya fita dandali sai ya ce shi ya yanke.

Abu ɗaya ne ya hana Ɗelu sakewa duk tsawon rayuwarta, shi ne Atika. Atika ɗiyar kawunta ce, wato taubashiyarta, kuma darnin kara ɗaya ya raba gidajen aurensu. Tun suna yara Atika ba ta iya komai ba. Tuwonta da gudaji, kitson da ta yi wa mutum kwana uku ya warware. Amma duk inda ta zauna sai mata sun kewaye ta, don ta iya ba da labari. Ɗelu ta fi ta aiki, ta fi ta zannuwa, ta fi ta jeren kwanoni, amma ba mai sallama gidan Ɗelu sai da kwalba a hannu. Kuma tun da wasan taubasai ne tsakaninsu, duk abin da Atika ta faɗa mata ba ta da ikon fushi a gaban mutane. Sai ta yi dariya, ta kai shi ɗaki.

Mijin Atika, Garba, mai amalanke ne. Kowace shekara bayan an sayar da gyaɗa ana bikin jamhuriya a Maraɗi, wanda mutane ke ce wa fet. Akwai kokowa, akwai makaɗa, akwai majigi, akwai kuma wani mutum da ke kafa lilon ƙarfe da dawakan katako masu juyawa, yara su hau. Garba yakan ɗora matarsa da 'ya'yansa a amalanke, da tabarmi da ƙwaryar fura, su kama hanya tun da sassafe. Ba fet kaɗai ba, har sallah ƙarama da babba in mai lilon ya kafa. Masaukinsu rumfar wani mai sayar da itace ce kusa da tasha. Nan suke shimfiɗa, jaki na ɗaure a gefe.

In sun dawo, gidan Atika ya cika. Ɗelu tana bakin murhu tana suya, darni bai hana ta jin komai ba. Tana ji Atika na kwaikwayon yadda ɗan kokowa ya faɗi, da yadda wata tsohuwa ta yi salati ta ruga da ta ga jirgin ƙasa ya nufo ta a majigi. Mata suna dariya har da tari. 'Ya'yan Ɗelu kuwa sun tsere ta ƙofar baya, suna can.

Shekarar farko da Ɗan Azumi ya kawo maganar, a hankali ya kawo ta.

"Garba ya ce akwai wuri a amalanke. In kina so bana mu bi su."

"In bi jaki in kwana gindin itace? Ni buhun gero ce?"

"Yara dai na so."

"Yara na son wasa da wuta ma."

Ba ƙin zuwa take yi ba. Ta fi kowa son ganin abin. Amma in ta hau amalanken Garba ta zama baƙuwar Atika ke nan: Atika ce za ta nuna mata hanya, ta ce mata ga wannan ga wancan, su dawo kuma a sa ta cikin labari. Wannan ne ba za ta iya ba.

Tana kai mai garin Ɗan Isa, gidan wani ma'aikacin duwan, wato kwastan. A bakin matarsa ta fara jin zancen otel. Wai ɗaki ne mai gadon ƙarfe da katifa da farin zanen gado, fanka na juyawa a sama, ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo maka a ka, ka taɓa bango wuta ta kama. Ɗelu ta dawo gida da ɗakin nan a ranta. Atika ta ga lilo sau ba iyaka, amma ba ta taɓa taka irin wannan ɗaki ba, kuma da amalanken Garba ba za ta taɓa takawa ba. Nan Ɗelu ta tsayar da magana: za ta je fet, amma sau ɗaya, kuma a otel za ta sauka, Atika ta zo ta iske ta zaune a kan gadon.

Ɗan Azumi ya je ya tambayo. Ya dawo ya zauna.

"Kwana biyu a ɗakin nan, Ɗelu, daidai yake da mu je fet shekara shida mu duka, da ci da sha da hawan lilo."

"To sai a jira."

"Dije tana girma. Nan gaba kaɗan kunyar hawan dokin katako za ta ji."

Dije ce babbar 'yarsu. Ɗelu ta san gaskiya ya faɗa, kuma ba wai ba ta auna ba. Ta auna sau da yawa tana murza tunkuza. A hannu ɗaya ga yara suna tafiya kowace shekara suna dawowa da rake da ƙura a kai kamar 'ya'yan kowa. A ɗaya hannun ga fuskar Atika a bakin ƙofar ɗakin, baki buɗe, ba ta da abin cewa. Kullum fuskar nan ce ke rinjaye.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Atika takan leƙo ta saman darni ranar tafiya.

"Ke baiwata, mi za a sawo miki? Ko har yanzu kina jiran Kumandan mai mulkin gari ya aiko miki da mota?"

"Ki dai riƙe jakin da kyau, kada ya ga danginsa ya bar ku a hanya."

Sai a shekara ta 1971 abin ya cika. Gyaɗa ta yi kyau, mai ya yi kasuwa. Suka hau mota a gaban kowa, Ɗelu da mijinta da 'ya'ya huɗu cikin sabbin kaya. Dije ta riga ta fara ɗaura kallabi irin na manya. A hanya suka wuce amalanken Garba, yara suka ɗaga hannu, Ɗelu ta kalli gabanta.

Ɗakin bai gaza labarinsa ba. Ɗelu ta tsaya tsakiyarsa ta ji iskar fanka a wuya, ta taɓa zanen gadon da bayan hannu. Sannan ta fito da ƙunshin ƙuli-ƙuli da kwalbar mai, ta ce wa mai gadi ya nuna mata sashen matar gida ta kai gaisuwa. Mai gadin ya ce babu matar gida. Ta ce to uwar mai gidan. Ya ce ita ma babu. Ta dawo da kayanta tana mamakin gidan da ya kai haka girma ba mace a ciki.

Duk da haka ta yi abin da ta san baƙo na yi. A Madarunfa in ka sauka a masauki ba ka fita yawo. Kana zaune, a kawo maka ruwa, a kawo abinci, dangi da abokan arziki su zo ɗaya bayan ɗaya su yi maka barka da zuwa. Sai an gama wannan kake fita. Baƙon da aka zo gaisarwa aka tarar ya tafi kallo, ya zubar da girmansa. Ta aiki Ɗan Azumi rumfar mai itace ya shaida wa su Atika inda suka sauka. Ta sa zanenta mafi tsada, ta jera yaran a kan tabarma, ta hana kowa taɓa gadon don kada ya yamutse kafin a gani.

Ba wanda ya kawo abinci. Da yunwa ta yi yawa Ɗan Azumi ya fita ya sayo ƙosai da burodi. Ganguna na tashi daga filin fet, ana jin su ta taga. Yaran suka yi ta leƙe.

"Inna, yaushe za mu?"

"In Atika ta zo ta tafi."

Atika ba ta zo ba ranar. Ɗelu ta kwana a tabarmarta a ƙasa, gado na nan a shimfiɗe yadda ta same shi.

Da safe Ɗan Azumi ya yi abin da bai saba ba. Ya tattara yaran ya ce zai kai su, in ta ga dama ta biyo.

"In ta zo ta iske ɗaki ba kowa hwa?"

"Ai ke kina nan."

Ta zauna ita kaɗai a kan kujera, fanka na juyawa. Duk takun da ta ji a baranda sai ta gyara ɗaurin kallabi.

Da rana ta take sai ga su gaba ɗaya, nata da na Atika, sun yi buɗu-buɗu, kowa da guntun rake. Atika ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli sama, ta kalli gado, ta kalli Ɗelu. Bakinta ya buɗe, kuma ba ta ce komai ba. Ɗelu ta sami abin da ta yi shekaru tana jira, ta kuma ji daɗinsa har cikin ƙashi. Daɗin bai wuce tsawon shan ruwa ba.

"Lallai Ɗelu kin isa," in ji Atika. "Ina wurin ruwan da ake faɗi?"

Ta shige. Aka ji ruwa na zuba, aka ji tana waƙa. Ta kira 'ya'yanta ɗaya ɗaya ta wanke su da sabulun otel. Ta fito da ɗaurin ƙirji ta nufi gado.

"Ba a hawa nan," Ɗelu ta ce.

"Don mi aka aje shi, ado? Kayan baiwa ai na uwargijiyarta ne. Matsa."

Garba da Ɗan Azumi, da ke tsaye a baranda, suka yi dariya. Wasan taubasai ne, ba a hana shi. Atika ta miƙe a kan farin zanen, ta ce wayyo bayanta, kwanan ƙasa ya gama da ita. Kafin a jima ta yi barci har da minshari. Ɗelu ta zauna a tabarma tana raba yara tara faɗa a kan wa zai taɓa bango wuta ta kama.

La'asar sakaliya Atika ta farka, ta yi miƙa.

"Tashi mu tahi, yau za a yi kokowar ƙarshe, daga nan sai majigi."

Ɗelu ta so tashi. Amma in ta tashi yanzu, bayan Atika za ta bi. Ta ce kanta na ciwo. Suka tafi suka bar ta. Ta kalli gadon, ga shatin jikin Atika, ga ɓawon rake a kan matashi. Washegari suka ba da makulli suka koma tasha.

Kwana biyu da dawowa gidan Atika ya cika fiye da kullum. Ɗelu tana bakin murhu. Ba zancen kokowa ake ba, zancen otel ake. Atika na faɗin yadda katifa ke haɗiye mutum, yadda ruwa ke saukowa kamar an kira damina ɗaki, yadda ta yi barcin da ba ta taɓa irinsa ba tun da aka haife ta. Ta ƙara da madubi mai tsawon mutum, wanda babu shi sam. Ɗelu ta ajiye matsami ta zagaya ta shiga. Ta ce madubin ƙarami ne, fankar kuma fuka-fukai uku gare ta, ba shida ba. Matan suka ce to, to, suka matsa mata wuri, suka juya ga Atika.

Da yamma wata tsohuwa ta zo sayen mai. Tana miƙa kwalba ta ce, "Ashe ke ma kin leƙa otel ɗin nan na Atika?"

Ɗelu ta cika mata kwalba, ba ta yi mata gyara ba.

Ta fara sabon tanadi a watan nan. Wannan karon, ta gaya wa mijinta, za su sake kama ɗakin, kuma ba mai shaida wa Atika inda suke. Ɗan Azumi yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba.

"To in ba a gaya mata ba, wa za mu kama wa ɗakin?"

Ɗelu ta tashi ta koma bakin murhu. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Bayan nan ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta mutu a gonaki, abin da ta tara ya tafi a sayen hatsi. Ta koma saye da sayar da gishiri da kanwa har gyaɗa ta dawo. Ta aurar da 'ya'yanta, ta binne mijinta, ta rayu har ta ga jikokin jikoki. Ita da Atika ba su taɓa yin faɗa ba, ba su kuma taɓa daina ba.