Akwati Mai Murya Ɗari da Farantin Inna

Shekara goma sha tara ina kaɗa jita a gidajen biki na Potiskum da amfilifaya guda ɗaya, wani tsohon akwati mai nauyin ɗan maraƙi, wanda sifikarsa ta tsage tun ina da gashi a ka. Tsagewar nan ita ce arzikina. Duk tsirkiyar da na taɓa sai sautin ya fito da wata ziza a bayansa, irin ta ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala wa garaya. Fulanin da suka zauna cikin gari suna dillancin shanu, idan na kaɗa, ba jita suke ji ba, garayar rugarsu suke ji.

Akwai wani gida a unguwar Yerimaram da na yi wa biki bakwai. Maigidan babban dillali ne a kara, kasuwar shanu, amma ranar biki ba shi da ta cewa, mulki na mahaifiyarsa ne, wadda kowa ke kira Inna. Al'adar gidan ita ce, ranar wuni babu macen da za ta shiga fili sai Inna ta ji takenta ta tashi ta taka. In ba ta tashi ba, mata sai su zauna kamar an zo gaisuwar mutuwa, kuma makaɗin da ya jawo haka ba ya sake ganin ƙofar gidan. Ni Babarbare ne, ita Bafulatana, don haka tsakaninmu sai tsiya. Bawanta take kirana, ni kuma in ce mu muka koya musu zama a ɗaki.

Saura mako biyu bikin jikarta, a wani biki a Gadaka janareta ya yi tari, ya turo wutar da za ta iya gasa sa. Amfilifayata ta yi hayaƙi. Mai gyara ya buɗe ta, ya leƙa, ya rufe, ya ce sai dai a yi mata sutura.

Wani ɗan kasuwa mai kawo kayan sauti daga Kano ya ba ni magani, wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, mai ƙaramin gilashi a fuska, wanda zan iya saƙalewa a hammata. Ya ce a cikinsa akwai muryar amfilifaya ɗari, duk manyan na ƙasashen waje, an kwaikwaye su an zuba. Kuma bai yi ƙarya ba. Ka taka nan, jita ta yi amo kamar daga cikin rijiya. Ka taka can, ta yi kuka kamar mage an take mata wutsiya. Yana buga ganga da kansa, yana gaya maka tsirkiyar da ta saki. Da yana dafa shayi da na ce ya fi wasu dangina amfani.

Abu ɗaya ne babu a ciki, ziza. Waɗanda suka ƙera shi sun kwaikwayi amfilifaya masu lafiya, ba wanda ya tuna da maras lafiya. Har ma sun sa masa wani mai gadi a ciki, da ya ji ƙaramar ƙara a bayan sauti sai ya yanke ta, don an koya masa cewa datti ne. Abin da na ci abinci da shi shekara goma sha tara, shi wannan akwati yake sharewa.

Na kwana uku ina murɗa maɓallai da abin sauraro a kunne, har matata ta fara yi mini magana da hannu. Ban samu komai da ya cancanci a tuna da shi ba. Sai da safiyar bikin Allah ya taimake ni, na kashe mai gadin, na haɗa wata murya mai gurnani da wata mai karkarwa, na rage nan na ƙara can, sai ga wani abu mai kama da ƙanwar zizata. Na yi hamdala, na zare waya daga soket, na tari keke mai ƙafa uku.

Tsohuwar amfilifayata, inda ka bar maɓalli nan za ka tarar da shi, ko bayan shekara. Ban san shi wannan sai ka danna masa ka ce ajiye ba.

Na isa bayan azahar. A gefen rumfa na ga wani mai sa kiɗa da kwamfuta da manyan sifiku. Maigidan ya ja ni gefe ya ce jikokin ne suka matsa a kawo shi, amma ya tsaya mini. Daga yanzu zuwa la'asar fili nawa ne. In Inna ta tashi, wuni nawa ne kamar kullum. In ba ta tashi ba, kada in ga laifinsa.

Na jona akwatin da sifikar haya, na kunna, na ɗauki taken Inna. Abin da ya fito tsaf yake, fes, kamar kiɗan jiran waya. Gumi ya karyo mini. Na duƙa in duba gilashin, rana ta haske shi, ba na ganin komai sai fuskata, kuma ban ji daɗin ganinta ba.

Inna tana kan kujerarta, hannu a kan sanda. Ta ce, "Bawana, wa ya warkar da jitarka daga murar? Ba ita ba ce."

Na ce, "Inna, asibitin birni na kai ta, yanzu za ta sake kamuwa."

Na fara takawa a makance. Duk takawa ɗaya sai sauti ya ɗauke na ɗan lokaci kafin sabon ya shigo, taken ya riƙa fita guntu-guntu kamar mai shaƙuwa. Rijiya ta fito, mage ta fito. Na taka wani wuri ganga ta ɓarke da wani kiɗan da ban taɓa ji ba, na rasa inda ake kashe ta. Wata daga cikin gwaggonnin amarya ta tambayi ta kusa da ita ko aljanu ne suka shiga wayar. Mata wajen ɗari biyu, kowacce ta ci ado, ba wadda ta motsa ko yatsa. Mai kwamfuta ya fara warware wayoyinsa a hankali, yadda mahauci ke wasa wuƙa a gaban rago. Inuwar rumfa kuwa tana ta tsawo.

Ina cikin wannan hali wata mata ta wuce da farantin tasa cike da murafen kwalaben lemo da ta tsince. Na ji suna ƙara a kan farantin. Ban nemi izini ba, na karɓe shi daga hannunta, na kwantar da sifikar ta kalli sama, na ɗora farantin a bakinta, na taɓa tsirkiya.

Ziza ta fito. Ba ƙanwar ba, uwar da kanta.

Inna ta ɗaga kai. Na sake ɗaukar taken daga farko. Ƙafarta ta fara buga ƙasa. Ta miƙa wa wata jikarta sandar, ta dafa gwiwoyi, ta yunƙura, har ta rabu da kujera da kamar taƙi ɗaya. Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin layi.

Na dafe tsirkiyoyin da tafin hannu, kamar yadda kowane makaɗi zai yi. Inna ta koma ta zauna.

Bayan salla na durƙusa gabanta na roƙi minti biyar kacal. Ta dube ni, babu tsiya a idonta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Na ji shi, ɗan nan. Amma tsohuwa sau ɗaya take yunƙuri a wuni."

Da hannu ta yi wa mata alamar su shiga fili, karo na farko a tarihin gidan. Suka taka kiɗan kwamfuta, ni kuma na naɗe wayoyina.

Bayan kwana biyu aka kawo mini farantin gida, da murafensa a ƙulle cikin leda. Saƙon Inna shi ne akwai sauran jika ɗaya da ba a aurar ba, in Allah ya kai mu, ni da ita. Yarinyar tana aji biyu na sakandare, Inna kuwa ta haura tamanin. Na koyi danna ajiye, na ɗaure farantin a bakin sifika da robar taya, kuma duk wanda na gani daga Yerimaram sai na tambaye shi lafiyar gwiwoyinta.