Wa Ya Sassaƙa Kawu?

Jama'a, yau saura ƙiris in koma Camberwell ba Kawu Sale!

Likita ya ce ya riƙa tattaki, shi ne na yi mana booking ɗin coach, wato doguwar bas, zuwa wani daji a wajen London, inda aka jejjera sassaƙe-sassaƙe a bakin hanya, kowanne da lambarsa a taswira. Muna shiga ya ce, "Hadiza, gumaka kika kawo ni kallo?"

Na tsaya canja fim a kyamara, na ɗago, babu Kawu! Ga coach ƙarfe huɗu zai tashi. Na yi gabas, na yi yamma, taɓo har idon sawu, ina ta ƙwala kira.

Can na hango Turawa sun yi cirko-cirko, suna ta jujjuya taswira. Na kutsa. Kawu ne zaune kan kututture da farar babbar riga, ido rufe, busasshen ganye ya zubo masa a hula. Ko motsi!

Wata tsohuwa ta tambaye ni da Turanci, "Wannan ba shi da lamba. Wa ya sassaƙa shi?"

Kawu ya buɗe ido ya ce, "Allah, madam."

Har yanzu ihunta na kunnena!