Rediyo Mai Aski da Karatun Ayuba

Akwai mai kishin motar maƙwabci, akwai mai kishin gidansa, amma Rediyo mai aski wahalar wani ya yi shekara da shekaru yana kishi.

Sunan Rediyo tun yana jariri ya same shi. Uwarsa ta ce ranar da ta haife shi, kukansa ya tashi duk jariran ɗakin haihuwa, har unguwarzoma ta jujjuya shi tana neman wurin rage murya. Da muryar nan ya girma, mai kauri, mai zaƙi, wadda in ya ce maka sannu da zuwa sai ka ji kamar an shimfiɗa maka darduma. Boko bai yi nisa ba. Ya koyi aski wurin wani tsoho, ya buɗe nasa shagon da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa sai hagu, da madubi mai tsaga a kusurwa, da injin da ke cizon ƙeya in ya yi zafi. Ya auri mai sayar da zare da maɓallai. Allah ya ba su 'ya'ya, duk suka tashi garau, ba mai ko ciwon kunne.

Matsalarsa ke nan. Lafiyarsa ƙalau.

A cocinsu akwai wata al'ada da tsohon Fasto ya kafa, na yanzu ya gada. Sau ɗaya a shekara, idan jerin karatu ya zagayo kan labarin Ayuba, ba mai karatun kullum ke hawa mumbari ba. Dattawa ne ke zama su zaɓi wanda ya fi kowa shan wuya a ikilisiya, shi zai karanta, sa'an nan Fasto ya ɗora wa'azinsa a kan bege. Hujjarsu ita ce, wanda bai taɓa ƙonewa ba, ba shi zai ba da labarin wuta ba. Ranar nan coci kan cika har bakin taga. Mata su zo da hankici na musamman. Bayan an tashi, a yi layi ana riƙe hannun wanda ya karanta kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Shi kuwa Rediyo, da duk muryar da Allah ya ba shi, abin da ake ba shi ya karanta sanarwa ce. An tsinci ɗankwali. Mai babur ɗin da ya tare ƙofa ya je ya gyara.

Wanda kuma dattawa ke zaɓa kusan kowace shekara taubashinsa ne, Kafinta, ɗan kawunsa da suka tashi tare suna satar mangwaro a bishiya guda. Shi kam duniya ta mai da shi gangar dukanta. Shagon katakonsa ya ƙone. Ya farfaɗo, injin yanka ya ɗauke masa yatsu. Matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu. Ɗansa na fari ya tafi neman aiki, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Ga murya kamar ƙofar da ta yi shekara ba mai. In ya hau mumbari sai ya yi ta tuntuɓe da kalmomi, ya koma baya, ya tsallake layi, jama'a kuwa su yi ta sheshsheƙa.

"Kin ji yadda ya kashe ayar nan?" in ji Rediyo ga matarsa a hanyar gida. "Ayuba da kansa in ya ji, sai ya ce wannan ita ce jarrabawar da ta fi."

"Baban yara, ka ji tsoron Allah. Mutum ya binne matarsa."

"Na hana shi? Ni cewa na yi, bai iya karatu ba."

"To ni in mutu, sai a ba ka."

Ya tsaya yana auna maganar, kamar mai duba riba. Matar ta dube shi, ta ƙara sauri, ta bar shi a baya. Ranar sai a wurin mai shayi ya ci abinci.

Bana da lokacin ya matso, sai ya yanke shawarar ya kai kukansa da kansa. Ya sami Fasto a ofis yana shirya wa'azi, ya shiga yana dafe da ƙugu, ya zauna da wani nishi da ya yi ta gwadawa a gaban madubin shago.

"Fasto, wasu suna shan wuya a ɓoye, ba su cika son faɗa ba."

"Gaskiya ne, ɗan'uwa. Wa ke nan?"

Rediyo ya fara jero nasa. Ciwon baya na tsayuwa. Basir. Haƙori da ke tashi in an yi sanyi. Wani sabon mai aski da ya buɗe shago a tsallaken titi da fanka da talabijin. Suruka da ta zo kwana biyu ta yi damina.

Fasto ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. "Ɗan'uwa Rediyo, abin da ka kawo min shaidar godiya ce. In kana so, Lahadi mai zuwa in ba ka fili ka gode wa Ubangiji."

Ya fita ya manta da dafe ƙugun. Dattawa suka zauna, suka sake zaɓen Kafinta.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Kafinta ya zo aski, kamar yadda ya saba kafin ranar karatu. Rediyo ya yafa masa zane, ya ɗaure shi a wuya da ɗan ƙarfi.

"Bawana, shaƙe ni za ka yi?"

"Wa ya isa ya shaƙe angon gobe? Sunkuyar da kai, ranka ya daɗe. Bana ma kai ne zakara."

Injin ya yi ta gurnani. Kafinta bai mayar da wasan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tsakaninsu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kai kana ganin daɗi ne?"

"Layin da ake yi maka fa? Ko gwamna."

"Duk shekara sai na fara iya barci, sai su zo su ce in hau in tono mutuwar matata. Ina tsaye can sama ina kokawa da haruffa, ga mata suna kuka, ga Fasto yana nuna ni da yatsa, ku dubi Ayuban cocinmu. Ni ba Ayuba ba ne. Ni kafinta ne. Ko wurin da ake maganar begen ban taɓa ji ba, kafin in kai can idona ya rufe, so nake kawai in sauka."

Rediyo ya kashe injin. Tausayi ya zo masa, ba ƙarya. Amma tausayin bai gama zama ba wani tunani ya shigo ya ture shi daga kujera.

"To... in wani ya karanta maka fa?"

Kafinta ya dube shi ta madubi, ya yi murmushi. "Tun muna yara in ka ga abu a hannuna sai yawunka ya tsinke. Ɗauka. Ni zan gaya wa dattawa, ni aka ba, ni kuma na bayar. Bencin baya zan zauna."

Ranar Lahadi Rediyo ya sa kwat ɗin aurensa wanda maɓallin ciki ya daina shiga. Fasto ya sanar cewa bana ɗan'uwa Kafinta ya roƙa a karanta a madadinsa. Rediyo ya hau, ya gyara murya, ya saki. Ya karanta asarar dukiya, ya karanta mutuwar 'ya'ya, ya karanta gyambuna da toka, muryar tana cika ɗakin har kwanon rufi yana amsawa. Ya ɗaga ido don ya ga yadda ake kallonsa.

Ƙeyoyi ya gani. Ikilisiya duk ta waiwaya tana kallon bencin baya.

Haushi ya kama shi. Ya bi idonsu don ya harari mutumin. Kafinta na zaune ya jingina da bango, ido a rufe, hannun nan mai guntayen yatsu a buɗe a kan gwiwa, kamar mai tarar ruwan sama. Daidai nan karatun ya iso wurin da mutumin da ya rasa komai yake cewa Mai Fansarsa na nan da rai. Rediyo ya buɗe baki, muryar da ba ta taɓa ba shi kunya ba ta tsinke a tsakiya. Da kyar ya ja ayar ya kai ta gaɓa, da wata 'yar siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya goge tafin hannunsa a wando ya shirya. Layi ya taso, ya raba biyu ya kewaye shi kamar ruwa ya sami dutse, ya nufi Kafinta. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Kafinta tana girgizawa, tana cewa, "Ɗana, bana ka fi kowace shekara."

Sai da aka watse Kafinta ya ƙaraso, ido jawur.

"Ashe haka wurin begen yake," in ji shi. "Yau na ji shi. Bawana, baɗi ma kai za ka yi."

"Ka nemi wani. Ni in yi noma, kai ka kwashe amfani?"

Kafinta ya juya zai tafi. Bai yi nisa ba Rediyo ya ƙwala masa kira, har tsuntsaye suka tashi daga kan rufin coci.

"Kai! In za a yi, ka gaya wa dattawa bencin gaba za ka zauna, daidai ƙarƙashin mumbari. In za su kalle ka, su kalle mu tare!"